Nasiha Ga Mai Niyyar Ƙara Kare Na Biyu A Gidansa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam Ya girmama shi, Ya hore masa dabbobi domin ya ci, ya sha, ya hau, ya yi tsaro da su, sa'an nan Ya ɗora masa amanar duk abin da ya shigo ƙarƙashin hannunsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, wanda aka aiko rahama ga talikai, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, akwai wata mas'ala da mutane da yawa ke ɗauka ƙarama, alhali tana taɓa ladan mutum na kowace rana, tana taɓa zaman maƙwabtaka, tana kuma taɓa rayukan ƴaƴanmu. Mas'alar ita ce ta maigidan da yake da kare ɗaya mai gadin turke ko gona, sai ya ga yana son ƙara na biyu.

Ba mu jahilci abin da ya sa wannan tunani ya yawaita a ƙasarmu ta Isawan da ƙauyukan da ke tsakanin Mayahi da Tasawa ba. A shekarar 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shigo jihar Maraɗi, labarin ɓarayin shanu da masu satar mutane a gundumomin Madarumfa da Gidan Rumji kuma ya cika kunnuwan jama'a. Mu muna arewa da waɗannan wurare, amma tsoro ba ya tsayawa a kan iyaka, ga kuma ƙananan ɓarayi masu kwance akuya cikin dare, waɗanda babu garin da ya rasa su. Jar akuyar Maraɗi guda ɗaya ita ce dukiyar wata baiwar Allah, da ita take sayen magani, da ita take haɗa kayan ɗakin ɗiyarta. Saboda haka wanda ya ce yana neman ƙarin tsaro bai faɗi abin dariya ba. Sai dai Musulmi ba ya shiga al'amari sai ya san hukuncin Allah a cikinsa.

Abin da muke so mu tabbatar a wannan nasiha shi ne: izinin da shari'a ta bayar na riƙon kare an ɗaura shi ne ga aiki. Kare na farko ya shigo gida da dalilinsa, na biyu ma sai ya zo da nasa dalili, kuma zai shigo da nasa haƙƙi wanda za a tambayi maigida a kansa gobe kiyama.

ASALIN HUKUNCI

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya bayyana cewa duk wanda ya riƙi kare, in ba na noma ko na kiwo ko na farauta ba, ana rage ƙiraɗi ɗaya daga ladan aikinsa a kowace rana. A ruwayar Abdullahi ɗan Umar (R.A.) kuwa ƙiraɗi biyu aka ambata. A hadisin sallar jana'iza an kwatanta ƙiraɗi da dutsen Uhudu. Malamai sun yi saɓani a kan ko ƙiraɗin da ke cikin hadisin kare daidai yake da wancan, amma babu mai hankalin da zai yarda a riƙa ɗibar wani abu daga rumbunsa kullum domin kawai bai san girman tiyar da ake ɗiba da ita ba.

Malamai sun ambaci dalilan wannan ragi. Daga ciki akwai hadisin da ya nuna cewa mala'ikun rahama ba su shiga ɗakin da yake akwai kare a ciki. Akwai firgita masu wucewa da baƙi da mabarata. Akwai sa baki da kare ke yi a ƙwarya ko tulu ba tare da mutanen gida sun sani ba. Akwai kuma saɓa wa umurni shi kansa.

Duk da haka, kada wani ya fahimci cewa Musulunci ya mai da kare abin ƙyama da za a riƙa jifa ko a bar shi da yunwa. A cikin Suratul Ma'ida, aya ta 4, Allah Ya halatta mana abin da dabbobin farauta da muka horar suka kamo mana. A cikin Suratul Kahfi, aya ta 18, Ya ambaci karen samarin kogo kwance a bakin ƙofa tare da su. A cikin Suratul An'am, aya ta 38, Ya sanar da mu cewa dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu. Shari'a ta san amfanin kare, ta buɗe masa ƙofofi uku, ta rufe ƙofar wasa da alfahari.

TO, GADIN GIDA FA?

Hadisi bai ambaci gadin gida a cikin ukun nan ba, shi ya sa malamai suka yi bincike a kansa. Littafin Risala, wanda ɗalibanmu ke karantawa a zaure bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya tafi a kan cewa ba a riƙon kare a gidajen birni ko na ƙauye, sai wanda zai tsare shuka, ko ya bi dabbobi daji ya dawo tare da su, ko a yi farautar neman abinci da shi. Amma masu sharhin littafin sun kawo labari mai ban sha'awa game da mawallafinsa, Shaihu Abdullahi ɗan Abu Zaidi Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, wato 996. Katangar gidansa ta faɗi a wani lokaci na tsoro, sai ya ajiye kare domin gadi. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi wannan, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, da zaki zai ajiye. Hausawa ma sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Haka nan Ibnu Abdil Barri daga cikin malaman Malikiyya, da Imamu Nawawi daga cikin na Shafi'iyya, sun rinjayar da halaccin riƙon kare domin gadin gida idan akwai bukata ta gaskiya, bisa ƙiyasi da ukun da aka ambata.

Mu lura da kyau: Shaihun ya ajiye kare ne bayan katanga ta faɗi. Dalili ne ya fara zuwa, sa'an nan kare ya biyo baya. Da yawa daga cikinmu kuwa kwikwiyo muke fara ɗaukowa domin yaro ya gani ya yi kuka, ko domin maƙwabci yana da biyu, daga baya mu shiga nema masa dalili.

SHIN IZININ NA FARKO YA ISA NA BIYU?

Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa abin da aka halatta saboda lalura ko bukata, gwargwadonta ake ɗaukarsa. Wanda aka yi wa rangwamen taimama saboda rashin ruwa, rangwamen ya ƙare da zarar ruwa ya samu. Haka al'amarin yake a nan. Idan kare ɗaya ya isa aikin, na biyu ya zama kare marar aiki, kuma ana jin tsoron ya faɗa cikin waɗanda hadisin ragin lada ya ambata. Malamai sun yi saɓani a kan ko ƙiraɗin da ake ragewa yana ninkuwa da yawan karnuka ko ba ya ninkuwa. Ko wace magana aka ɗauka, mai kare ɗaya na aiki ladansa cikakke ne, in ya ƙara na banza ya jefa kansa cikin abin da ya kuɓuta daga gare shi a da.

Akwai halayen da bukatar na biyu take bayyana a fili. Na farko, mutumin da dabbobinsa suka rabu gida biyu, wasu suna turke a gida, wasu suna kwana a gona ta nesa domin taki, kamar yadda manomanmu ke yi da rani. Kare ɗaya ba zai kwana wuri biyu ba. Na biyu, mai babban garke da ke fita daji, inda dila ke ɗauke ƴan awaki. Na uku, wanda karensa ya tsufa, idonsa da jinsa suka yi rauni, yana so ya reni ƙarami ya koyi aiki a bayan babba. Imamu Nawawi ya rinjayar da halaccin renon kwikwiyo domin aikin da aka yi izini a kansa, Hausawa kuma sun ce ba a kiwon kare ranar farauta. Sai dai wanda ya yi haka ya sani tsohon karen bai fita daga wuyansa ba. Ya yi masa gadi shekaru, ba ya halatta ya kore shi ya bi juji domin sabo ya zo.

Akwai kuma halayen da babu wata bukata a cikinsu: ƙara kare domin a ce gidan wane ba ya shiguwa, ko domin samari su riƙa haɗa su faɗa suna kallo, alhali an ruwaito hani a kan zuga dabbobi su yi faɗa da juna, ko kuwa domin a sa maƙwabcin da ake gaba da shi ya ji tsoro. Wannan na ƙarshe ya fi sauran muni, domin an haɗa saɓo biyu a cikinsa.

Ga mafarauta kuwa akwai hadisin Adiyyu ɗan Hatimu (R.A.), wanda Bukhari da Muslim suka kawo. Ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) game da mutumin da ya saki karensa da sunan Allah, sai ya tarar da wani kare tare da nasa a kan abin farautar, bai san wanda ya kashe ba. Aka hana shi ci, domin a kan karensa kaɗai ya ambaci sunan Allah. Saboda haka mai fita da karnuka biyu, dole kowannensu ya zama horarre, kuma shi ne ya sake su da niyya da ambaton Allah. In ɗaya horarre ne ɗayan kuma ɗan rakiya, suka kashe zomo tare ba a san wanda ya kashe ba, ya zama mushe, sai fa in an riske shi da rai an yanka. Mu kuma tuna cewa namun daji sun yi ƙaranci ƙwarai a ƙasarmu tun da gonaki suka cinye dazuzzuka, kuma ƙasar Nijar tana da dokar farauta da kare namun daji ta shekarar 1998. Wanda farauta ba ita ce hanyar abincinsa ba, kada ya fake da ita.

HAƘƘIN KAREN DA KA ƊAURE

Ya ƴan'uwa, duk mai rai da ka tsare a gidanka, cinsa da shansa sun hau kanka. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta kulle ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi ƙwarin ƙasa ba, har ta mutu. Sun kuma ruwaito labarin mutumin da ya ga kare yana lasar ƙasa saboda ƙishirwa, ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hauro ya shayar da shi, Allah Ya gafarta masa. Da sahabbai suka yi mamaki, aka sanar da su cewa akwai lada a kan kyautata wa duk mai ɗanyar hanta. Dabba ɗaya ta zama sanadin Aljanna ga wani, wata ta zama sanadin wuta ga wata. Bambancin yana ga abin da kowannensu ya yi da abin da ya faɗo hannunsa.

To, mai son kare na biyu ya yi lissafi da watan da ya fi kowane tsanani. Da kaka kowa mai kyauta ne, ƙanzo ya yi yawa, sauran tuwo yana kwana. Amma mun san yadda gidajenmu suke daga tsakiyar bazara zuwa lokacin da sabon hatsi zai nuna, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ake auna tiya ana ƙirga kwanaki. Waɗanda suka ga yunwar 2005 da ta 2010 a jihar Maraɗi ba su bukatar a yi musu dogon bayani. A irin wannan lokaci dusa da ƙasari ma suna da masu su, wato awakin matan gida. Kaskon kare na biyu daga ina za a cika shi? In daga bakin yara ne, an yi zalunci, domin ciyar da iyali shi ne wajibi na farko. In kuwa ba za a cika shi ba, an ɗauko yunwa an ɗaure a gindin danga.

Karen da ba a ciyar da shi ba ya gadi. Yawo yake tafiya, ya bi juji da mahauta, ya shiga akurkin mutane, ya cinye ƙwan zabi, wata rana ya kama ɗan akuya. Maigida ya nemi maganin ɓarawo, sai ga shi ya reni ɓarawo mai ƙafa huɗu da hannunsa.

A nan ne ya kamata mu yi magana a kan shawara da iyali. Yawancin magidantanmu da samarinmu suna tafiya ci-rani bayan an gama girbi, wasu Nijeriya, wasu Agadas, wasu har Libiya. Wa ake bar wa karen? Uwargida da yara. Ita ce za ta rage daga tukunya, ita ce za ta ɗebo masa ruwa daga rijiya mai zurfi, ita ce kuma za a zo wa da ƙara in ya yi ɓarna. Allah Ya yabi muminai da cewa al'amarinsu shawara ne a tsakaninsu, Manzon Allah (S.A.W.) kuma ya karɓi shawarar Ummu Salama (R.A.) a ranar Hudaibiyya a kan al'amarin da ya fi wannan girma nesa ba kusa ba. Bai dace mutum ya ɗora wa iyalinsa nauyin da bai tambaye su ba, sa'an nan ya ɗauki jakarsa ya shiga mota.

Sai kuma maganar haihuwa. In na biyun karya ce, a sani cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka, tana iya haihuwa sau ɗaya ko sau biyu a shekara, kuma ba ɗa ɗaya take haifa ba. Mai karnuka biyu bana yana iya wayar gari da bakwai baɗi. Daga nan sai a ga an zuba kwiyakwiyai a buhu an kai bayan gari an yar, ko a bar wa yara suna ja da igiya har su mutu. Wannan zunubi ne da muke rainawa. Alwaƙidi ya kawo a littafinsa na yaƙoƙin Manzon Allah (S.A.W.) cewa a kan hanyar zuwa buɗe Makka rundunar Musulmi ta iske wata karya tana shayar da ƴaƴanta, sai Annabi ya sa wani sahabi ya tsaya kusa da ita domin kada wani daga cikin mayaƙa ya taɓa ta ko ƴaƴanta. Shugaban runduna mai dubban mutane bai shagala da wannan ba, ina uzurinmu?

HAƘƘIN MAƘWABCI DA MAI WUCEWA

Karnuka biyu ba kamar kare ɗaya ba ne a wajen hali. Guda ɗaya yakan yi haushi ya ja da baya, amma in sun zama biyu kowanne yana ƙarfafa ɗan'uwansa, har su kai ga cizo. Su wa ke bin hanya a lokacin da karnuka ke sake? Tsoho mai sanda da zai tafi sallar Asuba, almajiri mai neman abincin dare ƙofa ƙofa, yarinya mai tallar fura, mace mai naƙuda da ake rakawa gidan likita. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi rantsuwa har sau uku a kan rashin cikar imanin wanda maƙwabcinsa bai aminta daga sharrinsa ba. Abu Dawuda ya ruwaito hani a kan firgita Musulmi. Imamu Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa hadisin da ya hana cuta da cutarwa. In karnukanka sun hana wani dattijo zuwa jam'i, ka yi tunanin nauyin sallolin da ya rasa.

Mu kuma kiyaye da makiyaya masu wucewa. Kowace shekara garkuna suna ratsa ƙasarmu, su yi arewa da damina, su gangaro bayan girbi. Burtali haƙƙinsu ne, dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun tabbatar da shi. Wanda dabbobi suka yi wa ɓarna a gona yana da mai gari, yana da sarki, yana da hukumar kula da filaye. Sakar wa garke karnuka ba hukunci ba ne, tsokana ce, kuma mun san ƙaramar husuma tsakanin manomi da makiyayi takan kai inda ba a zata ba.

Fiƙihu bai bar wannan babi ba tare da lamuni ba. Shaihu Halil ya ambata a Muhtasar cewa wanda ya riƙi kare mai cizo, aka gargaɗe shi bai kawar da shi ba, to abin da karen ya lalata yana wuyansa. Kare mai cizo kuma yana cikin dabbobi biyar da hadisi ya yi izinin kashewa ko da mutum yana cikin harami. Wanda aka kawo wa ƙara a kan karensa, ya saurara, kada ya ce ai nasa ba ya cizo.

TSARKI DA LAFIYA

A mazhabar Malikiyya, wadda a kanta mafi yawanmu muke, kare mai rai tsarkakke ne, jikinsa da yawunsa. Wanke ƙwaryar ruwan da ya sa baki a ciki sau bakwai bautar Allah ce da bin umurni, a zubar da ruwan a wanke. Shaihu Halil ya ƙara da cewa wankin ba ya ninkuwa ko da karnuka da yawa ne suka sha. Shafi'iyya kuwa suna ganin najasa ce mai kauri, sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa, bisa ruwayar Muslim. Kowa da hujjarsa, ba abin jayayya ba ne a masallaci. Abin da ya dace da kowa shi ne kare ya samu kaskonsa na daban, a rufe randa da tulu, a ɗauke buta daga ƙasa, makwancinsa ya zama wajen turke ko bakin danga, nesa da ɗakin kwana da wurin salla.

Babban haɗari shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu daga kare suke ɗauka. Kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, domin su ne masu wasa da kwikwiyo, su ne kuma masu ɓoye cizo domin tsoron faɗa. Cutar takan kwanta a jiki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara, ciwon ya warke a manta. In alamominta suka bayyana, irin su tsoron ruwa da ruɗewa, da wuya ƙwarai a tsira. Amma kafin su bayyana akwai allura, wadda Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya fara gwadawa a kan mutum a 1885, kuma tana hana cutar da izinin Allah.

Saboda haka wanda kare ya ciza ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, sa'an nan a garzaya gidan likita mafi kusa, in sun tura asibitin Mayahi ko na Tasawa ko na Maraɗi a tafi ba tare da jinkiri ba. In an san karen, a ɗaure shi a lura da shi kwana 10 a sanar da ma'aikatan kiwo, amma kada a jira ƙarshen kwanakin kafin a kai wanda aka ciza. Addu'a da tofi alheri ne, sai dai wanda ya koya mana addu'a shi ne ya umurce mu da neman magani, shi ne kuma ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi sa'an nan ya dogara ga Allah. Masana sun tabbatar da cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allurar rigakafi, cutar takan yanke a wurin. Wanda ba zai iya kai kare ɗaya a yi masa allura ba, da wace fuska zai ƙara na biyu?

Akwai kuma wata tsutsa da kare ke ɗauka in ya ci huhu ko hantar dabba mai ƙululun ruwa, sai ƙwanta ya fita cikin kashinsa, ya koma ga dabbobi da mutane ya yi musu ƙululu a hanta. Mahautanmu da masu layya su kiyaye: irin wannan huhu a binne shi da zurfi ko a ƙone, kada a jefa wa kare.

SAYE KO KYAUTA

Hadisin Abu Mas'ud Al'ansari (R.A.) ya hana cin kuɗin kare. Malaman Malikiyya sun yi saɓani a kan wanda aka yi izinin riƙonsa, Imamu Sahnun ya halatta sayar da shi, wasu suka hana. Al'adarmu ta ba da kwikwiyo kyauta ta fitar da mu daga wannan saɓani, ya kamata mu riƙe ta. Sai dai mai bayarwa ya dubi wanda yake ba wa, kada ya miƙa rai ga yaron da uwayensa ba su sani ba.

KAMMALAWA

Ya ɗan'uwa mai wannan niyya, kafin ka ɗauko, ka zauna ka amsa wa kanka waɗannan tambayoyi tsakaninka da Allah:

1. Wane aiki ne na farko ya kasa, wanda na biyu zai yi? Shin gyaran danga, ko matso da turke kusa da ɗaki, ko haɗa kai da maƙwabta a yi gadi bi da bi, ba zai wadatar ba?

2. Zan iya ciyar da su duka biyu a watan da rumbu ya yi ƙasa, ba tare da na rage wa iyalina ba?

3. Mutanen gidana sun yarda, musamman wadda nauyin zai koma kanta in na yi tafiya?

4. Maƙwabtana da masu zuwa masallaci za su aminta? Ina da wurin ɗaurewa da rana, da shingen da zai tsare su da dare?

5. Zan kai su allura, kuma na san abin da zan yi da ƴaƴan in an haifa?

Wanda ya amsa waɗannan da gaskiya ya ga bukatarsa tabbatacciya ce, ya ƙara, babu laifi a kansa in Allah Ya so, kuma yana da lada a kan kowane ruwa da ya zuba a kasko. Wanda ya ga ɗaya daga ciki ta gagara, ya haƙura da wanda yake da shi ya kyautata masa, domin amana ɗaya da aka tsare ta fi biyu da aka tozarta. Mu kuma riƙa tunawa cewa kare sababi ne kawai, Mai tsaro na gaskiya shi ne Allah. Kada mu kwanta ba mu karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi ba, kada kuma mu hana zakkar dabbobinmu da ta amfanin gonarmu.

Allah Ya tsare mana rayukanmu da dukiyoyinmu, Ya kawo zaman lafiya a jiharmu da ƙasarmu da maƙwabtanmu, Ya shiryi ɓarayi ko Ya yi mana maganinsu, Ya sanya tausayin bayinSa da dabbobinSa a zukatanmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu cika da imani. Amin.